Auren Baƙi

Iskar arewa ta tashi tun da asuba, kuma duk wanda aka haifa a tsibirin Santorini ya san idan ta tashi da irin wannan fushi ba ta kwanciya da wuri. Marusa ta fito tsakar gida ɗauke da tiren karin kumallo, tana danne zanen teburi da gwiwar hannu kada iska ta kwashe shi ta jefa a teku.

Baƙinta biyu suna zaune suna jira, Femke da saurayinta, mutanen Holan. Gobe za a ɗaura musu aure a ofishin magajin gari, shi ya sa tun da suka sauka a gidan bakinsu ya ƙi rufuwa. Marusa ta ajiye musu burodi da zuma da soyayyen tumatir, sannan ta fara karanta musu abin da take karanta wa duk baƙon da ya kwana a masaukin kakarta.

"Kada ku sha ruwan famfo, gishiri ne zalla. Kada ku bi hanyar bakin dutse da rana tsaka, babu inuwa, babu mai sayar da ruwa. Wancan babur mai ƙafa huɗu da ake bayarwa haya, ku bar shi inda kuka gan shi, shi ne ya cika mana asibiti. Sannan don girman Allah kada ku hau rufin kowa don ɗaukar hoto, balle rufin coci. Duk ƙaramin cocin da kuka gani mai shuɗiyar ƙubba na wani gida ne, da masu shi."

Femke ta marairaice. "Har yanzu ba za a yarda a ɗaura mana a ɗaya daga cikinsu ba? Ko na can ƙasa, ɗan ƙaramin nan?"

"Wannan na kakata ne. Ba za a yarda ba. Auren coci na 'yan coci ne, ku baƙi naku a ofis ake yi."

Tana faɗin haka ta yi saurin kwashe tire. Su kuwa baƙin suka gyaɗa kai, suka yi godiya, kamar yadda kowane baƙo yake yi. Mu da muka tsufa a wannan sana'a mun san gyaɗa kan nan. Mutum ya tara kuɗinsa shekara guda, ya hau jirgi ya zo, ba zai bari wata mai raba burodi ta hana shi abin da ya gani a hoto ba.

A kicin ta tarar da mahaifiyarta, Flora, tana goge ƙananan kofunan gilashi, waɗanda ba a sauko da su daga kabad sai da dalili.

"Mama, wane baƙo za mu yi?"

"Uwar Anargiros za ta shigo da la'asar, ita da ɗanta. Ki sa shuɗiyar rigar nan, ki gyara gashinki."

"Mama, ai na gaya miki..."

"Kin gaya mini, na ji. Yanzu ni ma ki ji nawa." Flora ta ajiye kofi, ta juyo. "Shekarunki sun doshi talatin. Duk sa'anninki suna kai yara makaranta, ke kina nan kina jiran abin da ba zai taɓa yiwuwa ba. Me Anargiros ya yi miki? Ba mashayi ba ne, ba ya bin baƙin mata, uwarsa kuma ba ta da mugun baki."

"Bai yi mini komai ba. Ba na son sa ne kawai."

"Wanda kike so ɗin wanki ne!"

"Ba wana ba ne!" Hawaye suka zubo mata. "Ba ke kika haife shi ba, Baba bai haife shi ba, ko ƙasarmu ba ɗaya ba. Ta ina ya zama wana?"

"Ta gaban Allah," in ji Flora. "Ki je ki tambayi ubanki inda yake kwance."

Maganar kenan da ta hana gidan nan barci shekara da shekaru. Iliyas, wanda Marusa take so ɗin, yana ɗan yaro iyayensa suka tsallako daga Albaniya suka zo aikin gonar inabi. Ilir ne sunansa a lokacin. Yara suka sa shi gaba a makaranta, ba mai zama kusa da shi, har uwarsa ta yanke shawarar a yi masa baftisma ko a samu lafiya. Aka nemi wanda zai tsaya masa, kowa ya kawar da kai. Markos, mahaifin Marusa, shi ne ya ce yaron nan ba zai tsaya a bakin ruwa shi kaɗai ba. Ya riƙe shi, ya shafa masa mai, ya raɗa masa Iliyas.

To, a wurinmu wanda ya riƙe yaro a ruwan baftisma ya zama ubansa, 'ya'yan cikinsa kuma sun zama 'yan'uwan yaron. Babu limamin coci, fada ko bishop, da zai ɗora musu kambin aure. Markos ya san haka sarai, amma 'yarsa a lokacin ko magana ba ta gama iyawa ba, wa zai kawo wannan a ransa? Alheri ya yi, ya mutu bai ga abin da alherin ya haifa ba.

Rana ta take tsaka lokacin da Marusa ta ji hayaniya a saman matakala. Mota ba ta isowa gidan, sai an sauko da ƙafa daga titi. Tana leƙawa ta ga Iliyas yana saukowa a hankali, goye da angon gobe, ƙafarsa da hannunsa naɗe da bandeji. Femke na biye tana sharar ƙwalla.

Ba sai an gaya mata ba. Suna gama karin kumallo suka wuce kai tsaye wurin masu hayar babur.

"A kwanar gidan mai na tsince shi," in ji Iliyas, yana sauke shi a kujera. "Iska ta ture shi, babur ya danne shi. Likita ya ce babu karaya, fata ce ta tafi."

"Kin faɗa mana," in ji angon, kansa a ƙasa.

"Na faɗa. Sannu. Allah ya tsare gaba."

Femke ta share ido. "To hotunanmu fa? Mun riga mun yi magana da mai hoto, da yamma zai zo."

Marusa ba ta ma ji ta ba. Idonta yana kan Iliyas, wanda ya yi mata alama da kai ya nufi tsohon ɗakin matse inabi da ke bayan gida, wanda aka fafe cikin dutse. Sana'arsa kenan tun da ya girma, jigilar baƙi da akwatunansu daga tashar jirgin ruwa zuwa masauki, kuma babu wanda zai yi mamakin ganinsa a gidan uban baftismarsa. Ta jira mahaifiyarta ta shiga ɗaki, sannan ta bi shi.

Ɗakin da sanyi, yana warin tsohon inabi. Iliyas ya jingina da bango, rigarsa duk jinin baƙo. Ya rame, idanunsa sun faɗa.

"Na sake komawa wurin bishop," ya ce.

"Me ya ce?"

"Ya ba ni kofi. Ya dafa kaina, ya ce yana tausayina. Sannan ya ce in nemi wata."

Marusa ta toshe baki da hannu, kuka ya ƙwace mata.

"Kar ki yi kuka, ki saurare ni, don yau maganar da zan yi ba ta maimaituwa." Ya matso kusa. "An ɗauke ni aiki a jirgin dakon kaya, yana tashar Pirayas, can ƙetaren teku, yana lodi. Idan na hau shi, ni da ƙasar nan sai wata shekara, in ma na dawo. Babban jirgin fasinja zai shigo da yamma, daga shi kuma babu wanda zai motsa sai iskar nan ta gaji. Da shi zan tafi."

"Iliyas! Yau?"

"Yau. Idan na gan ki a tasha, mu tafi tare, na fasa aikin jirgi. Ɗan kawuna yana da gareji a can, ya ce in zo ko yaushe. Mu shiga ofishin magajin gari, a ɗaura mana kamar yadda za a ɗaura wa waɗancan gobe. Su ba mutane ba ne? Kullum ina kwasarsu a motata, amarya da ango, ina kai su ofis, ina dawo da su suna dariya. Ni ina tuƙi, zuciyata na ƙuna."

"Wannan ai auren baƙi ne. Kaka za ta mutu."

"Ni fa? Ni da rai kike ganina?"

"Ka ba ni lokaci, don Allah. Ko zuwa ƙarshen lokacin baƙi na bana..."

"Bara ma haka kika ce. Bara waccan ma haka." Ya yi wata dariya mara daɗi. "Marusa, ni ban roƙi kowa ya yi mini baftisma ba. An ce mini idan aka yi, yara za su daina jifana. Mahaifinki ya saya mini fararen kaya da sabon takalmi, ya ɗora ni a kafaɗarsa ya zaga ƙauye da ni. A duk rayuwata ban taɓa farin ciki irin na ranar ba. Ashe ranar aka yanka ni ban sani ba."

"Kar ka faɗi haka a kan Baba."

"Ina son sa har gobe. Amma na gaji da jin ana ce mini gai da ƙanwarka." Hawaye suka gangaro masa, bai share ba. "Na san wa zai zo gidan nan da la'asar, duk ƙauye ya sani. Ba zan tsaya in ɗauko wa baƙin bikinki akwati ba. Ina taka jirgi zan kashe wayar nan, don na san kaina, idan na ji muryarki zan faɗo ruwa in dawo, mu koma gidan jiya."

Ta riƙe hannun rigarsa. Ya zare hannunta a hankali, ya sumbaci yatsunta, ya fita. Tana jin takunsa a matakala har iska ta haɗiye shi.

La'asar na yi baƙi suka iso da tiren alewa naɗe da jan ƙyalle. Uwar Anargiros ta zauna tana yabon kofi, idonta kuwa yana auna bangon da ya raba gidan da otal ɗin ɗanta. Kowa ya san idan aka rushe bangon nan za a samu wurin wani tafkin wanka. Flora tana ta murmushi har kumatunta suka gaji. Kaka, uwar marigayi Markos, wadda ita ma Marusa ne sunanta, tana zaune a kusurwa cikin baƙaƙen kayanta, hannu biyu bisa sanda.

Anargiros ya samu Marusa a bakin katanga, tana kallon teku da ya yi fari fat da kumfa. Mutum ne mai tsafta, mai taushin murya, irin wanda ba a kama shi da laifi. Wannan ma yana cikin abin da ke ba ta haushi.

"Rigar ta yi miki kyau," ya ce. "Idanun ne suka kumbura."

"Iska ce."

"Iskar nan dai tana shan zargi a ƙauyen nan." Ya jingina kusa da ita. "Marusa, ni ba yaro ba ne. Na san ba ni kike so ba, na kuma san wanda kike so. Ban zo in yi gasa da shi ba. Abu ɗaya nake da shi wanda ba shi da shi, zan iya shiga coci da ke ta ƙofar gaba, kakarki na zaune tana kallo. So kuwa, in kin ba ni dama, ya zo daga baya."

"In bai zo ba fa?"

"Sai mu zauna lafiya, kamar rabin gidajen tsibirin nan."

Kafin ta ba shi amsa sai ga ƙarar sanda a bayansu.

"Takwara," in ji Kaka, "rana ta yi sanyi. Zo mu je mu kunna wa ubanki fitila."

Marusa ta taɓa igiyar da ke wuyanta. Makullin cocin gidansu ne a jiki, baƙin ƙarfe mai nauyi. Sunan Kaka ta ci, don haka bisa al'adarmu gidan da cocin nata ne bayan ran tsohuwa, kuma tun da gwiwoyin Kaka suka gaza ta cire makullin daga wuyanta ta rataya mata. Ita ke share cocin, ita ke shafa masa farar ƙasa, ita ke zuba mai a fitila kowace yamma. A cikinsa, jikin bangon hagu, akwatin ƙasusuwan mahaifinta yake. Ita da Kaka suka wanke su da ruwan inabi da hannunsu ranar da aka tono su, kamar yadda ake yi a wurinmu bayan 'yan shekaru da binnewa, suka naɗe a farin ƙyalle.

Suka sauka a hankali, Kaka na dafe da kafaɗarta. Suna karya kwanar ƙarshe tsohuwa ta tsaya cak.

Femke ce a bisa rufin cocin, tsaye kusa da ƙubba, cikin doguwar farar rigar aurenta. Iska tana kaɗa jelar rigar sama, mai hoto yana ƙasa a durƙushe yana ce mata ta ɗaga haɓa. Takalminta mai tsini yana kan rufin bangon hagu.

"Wayyo ɗana!" Kaka ta ƙwalla ƙara, sandarta ta faɗi. "Sauko! Sauko daga kan ɗana!"

Femke ta firgita, ƙafarta ta zame, ta faɗi zaune ta rungume ƙubba. Mai hoto kuwa, ɗan gari ne, ya san abin da ya aikata, ya tattara kayansa ya bi ta wata hanya ko waiwaye babu. Marusa ta taka katanga ta miƙa mata hannu, ta sauko da ita, rigar duk ta kwashi farar ƙasa.

"Da safe me na ce miki?" in ji Marusa. "Me na ce miki a kan rufin coci?"

"Minti ɗaya ne kawai... kowa yana yi, na ga hotuna da yawa... Me take cewa? Me ya sa take kuka haka?"

"Mahaifina yana ƙarƙashin inda kika tsaya. Ɗanta ne."

Fuskar Femke ta yi fari. Ta durƙusa gaban tsohuwa ta fashe da kuka, tana ba da haƙuri da harshen da Kaka ba ta ji. Kaka ta daɗe tana kallonta, ƙirjinta na hawa da sauka. Can ta ɗora mata hannu a ka.

"Ce mata ta tashi. Ce mata ta je ta yi aurenta, Allah ya ba su zaman lafiya."

Femke ta tattare rigarta ta hau matakala tana shessheƙa. Marusa ta ɗauko wa Kaka sanda, ta buɗe coci, ta zuba mai, ta kunna fitila. Ɓarɓashin farar ƙasa ya zubo daga rufi a kan akwatin. Kaka ta share shi da gefen mayafinta, a hankali, kamar mai share wa yaro fuska.

"Na yafe mata," ta ce ba tare da ta juyo ba, "don ba ta san abin da ke ƙarƙashin ƙafarta ba. Ta ga wuri mai kyau, ta hau. Ke fa, takwara? Ke kin sani."

"Kaka..."

"Kina tsammani ban ga wanda ya shiga ɗakin inabi da rana ba? Gwiwa ce ta mutu, ido yana nan."

Marusa ta zube a gabanta ta kama ƙafafunta. "Kaka, ki ji tausayina. Yau zai tafi. Na yi ƙoƙari, Allah ya sani na yi. Na yi azumi, na yi addu'a, na daina gaishe shi wata da watanni, abin ya ƙi fita. Baba ya so shi kamar ɗan cikinsa. Da yana raye..."

"Da yana raye da shi zai fara hana ki. Shi ya tsaya a gaban Allah ya ce yaron nan ɗansa ne. Na hana shi, na ce Markos kana da 'ya mace a gida, bar wani ya riƙe. Ya ce Mama babu wani. Ya yi alkawari, ya mutu a kansa. Yanzu ke za ki je ofis ki ce ƙarya ya yi?"

"Ba jini ɗaya ba ne, Kaka!"

"Man da aka shafa masa ya fi jini." Hawaye suka cika ramukan idon tsohuwa. "Kina ganin ba na son yaron nan? Ni na koya masa addu'ar farko. Idan na gan shi yana hawa matakala da akwatunan mutane, zuciyata karyewa take. Amma ban isa in canza abin da na tarar ba, ke ma ba ki isa ba."

Daga can nesa wata doguwar ƙara ta ratso iska. Marusa ta miƙe ta leƙa ƙofa. Babban jirgi ne ya shigo tsakanin duwatsu, yana tafe yana tangaɗi, ya nufi tasha.

Kaka ta zo ta tsaya a bayanta.

"Ba zan ɗaure ki ba, ke ba yarinya ba ce. Ba kuma zan ce sai kin auri na otal ba, wannan tsakaninki da uwarki. Amma ki ji da kyau. Idan kika yi auren baƙi, kin zama baƙuwa. Duk ranar da kika zo zan ba ki ɗaki mai kallon teku, in sa a kawo miki karin kumallo. Makullin nan dai ba ya kwana a wuyan baƙuwa."

Marusa ta dubi akwatin mahaifinta, ta dubi fitilar da ta kunna, ta dubi jirgi. Kuka take har numfashinta na sarƙewa. Hannunta ya tafi wuyanta, ta zare igiyar ta kai, gashinta ya kama, ta fizge. Ta kamo hannun Kaka ta sa makullin a ciki ta rufe yatsun.

"Ki yafe mini."

Kaka ta juya mata baya, ta fuskanci fitila.

Da gudu Marusa ta hau matakala. Ba ta shiga gida ba, ba ta ɗauki ko jaka ba, wayarta kaɗai ke aljihu. Ta ji mahaifiyarta na ƙwala mata kira daga tsakar gida, ba ta tsaya ba. A bakin titi babu tasi ko ɗaya, dama a irin wannan lokaci ba a samu, duk sun kwashi masu zuwa kallon faɗuwar rana. Mota ɗaya ce a tsaye, Anargiros yana jingine da ita yana jiran uwarsa ta gama sallama.

Ya dubi fuskarta, ya dubi wuyanta.

"Kai ni tasha," ta ce.

"Marusa, kin san abin da kike roƙona?"

"Na sani. Ka ce kai ba yaro ba ne. Kai ni."

Ya buɗe mata ƙofa.

A hanya ta kira lambar Iliyas, tana shiga, ba a ɗauka, wataƙila hayaniyar tasha ta hana shi ji. Ko Anargiros ya taka mota iya ƙarfinta, ko ya ɗan sassauta ƙafa, wannan shi da Mahaliccinsa. Abin da kowa ya gani shi ne, suna isa inda hanya ke fara gangarawa tasha, tana lanƙwasa a jikin dutse kwana bayan kwana, suka tarar da ita a cushe. Manyan motocin baƙi sun yi layi har ƙasa. A wata kwana wani baƙo ya sa motar haya a gaban bas, ya kasa gaba ya kasa baya, matarsa ta fito tana ɗaga hannu, direbobi na zaginsa. Duk mutanen da suka bar masauki a makare ne, kowa yana tsammani tasha nan kusa ce.

Daga nan sama tana hango jirgin ya riga ya juya baya ya sauke ƙofarsa, mutane na ɗuruwa ciki.

Marusa ta ɓalle ƙofa ta fita. Ta cire takalma ta riƙa gudu tsakanin motoci, kwalta na ƙona mata tafin ƙafa, iska na tura ta baya. Ta faɗi a wata kwana, gwiwarta ta fashe, ta tashi ta ci gaba. Tana gudu tana kiran sunansa, kamar zai ji ta daga can.

A rana irin wannan jirgi ba ya jiran kowa, kyaftin so yake ya bar bakin dutse kafin iska ta haɗa shi da shi. Tana shiga filin tasha ta ji ƙarar sarƙa. Ƙofar ta ɗaga, igiyoyi suka faɗa ruwa, tazara ta buɗe tsakanin jirgi da ƙasa.

"Iliyas! Iliyas!"

Ta tsaya a ƙarshen siminti tana ɗaga hannu biyu, ruwan teku na fantsamo mata. Saman jirgin cike yake da baƙi, sun jeru a bakin ƙarfe suna ɗaukar hoton tsibiri. Da suka ga mace cikin shuɗiyar riga tana ɗaga musu hannu, sai suka ɗauka bankwana take musu. Suka yi ta ɗago mata hannu suna murna, wasu suka juyo da wayoyinsu kanta. Ta bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya har suka zama ɗigo, ba ta ga tasa ba.

Ta sake kiran lambar. An kashe.

Ba ta san tsawon lokacin da ta yi a durƙushe a wurin ba. Tasha ta watse, masu shaguna suka fara jan ƙofofi, waɗanda suka rasa jirgi suna ta faɗa da ma'aikata a kan akwatunansu. Sai ta ji an yafa mata kwat a kafaɗa. Anargiros ne, ya bar motar a sama ya sauko da ƙafa, yana haki.

Ya tsuguna kusa da ita, ya dubi jinin gwiwarta.

"Tashi, Marusa. Sanyi ya fara. Zo in mai da ke gida."

Ta ɗago jajayen idanunta ta dube shi, hannunta a wuyanta inda babu komai.

"Wane gida?" ta ce.